Sauran Kashi Biyar

Laraba, 1 ga Sha'aban 1298, da hantsi

An ga wata jiya. Yau ne ya kamata kashi na takwas ya fita daga zauren nan. Bai fita ba.

Ina rubuta wannan a kan guntayen da nake yankewa daga gefen takarda, don su kaɗai ne Abarshi bai saya ba. Da ya san ina tara su a tukunya, da ya sa an haɗa masa da su.

Bari in faɗi yadda abin yake, ko don in ji shi a jere sau ɗaya. Shekarata goma sha huɗu ina rubutu a zauren surukina Malam Labaran. Tun da idanunsa suka yi rauni ni ne hannunsa, daga baya har na zama idonsa. Yana da littafin fiƙihu da ya gada, wanda mutanen Birnin Gwari ke ce wa Jan Gafaka saboda jakar fatar da yake ciki. Abin da ya sa ake sonsa, mahaifin Malam ya bi shi layi-layi ya sa fassarar Hausa a gefe, ko mai ƙaramin karatu zai gane hukunci ba sai ya yi tattaki wurin wani ba. Da kakar da ta wuce mutum tara suka biya tun ban tsoma alƙalami ba, a kan in kwafa wa kowa nasa, kashi goma sha biyu, duk tsayuwar wata kashi ɗaya. Wani ya ba da kuɗin wuri, wani zuma, wani zanen saƙi. An kai bakwai.

Yau kwana goma sha ɗaya da aka sayar wa Abarshi mai fataucin goro uwar littafin, da gafakarta, da takardar da ta rage. Malam ya ɗauki kuɗin ya yi yamma saboda maganar ɗansa Ja'afaru. Maganar Ja'afaru ba zan rubuta ta ba.

Sauran kashi biyar, na mutum tara. Mai sayarwa ya tafi, mai saye ya ja ƙofarsa, ni kuma ina zaune a zauren da kowa ya san hanyarsa.

Alhamis, 2 ga wata, bayan la'asar

Bappa Hammadu ne ya fara zuwa. Daga rugarsa ta bakin daji wajen Kutemeshi ya tako da sandarsa, ruwa ya yi masa sharkaf. Tsoho ne da ba ya hawa jaki, wai jaki na ɗaukar ƙore ne.

Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi Modibbo, haka yake kiran Malam. Na ce ya yi tafiya. Ya ce ya ji, Allah ya kuɓutar da wanda aka tafi dominsa. Na ce amin ina kallon tabarma. Sai ya buɗe bakin jakarsa ya ajiye a gabana, yadda ya saba duk wata.

Na ce, "Bappa, littafin ya bar gidan nan. Yana hannun Abarshi."

"Abarshi mai goro?"

"Shi."

"Ni ban ba mai goro karsana ba, Malam Mu'azu. Nan na ɗaure ta, jikin wancan turken. Kai ka riƙe igiyar."

Ni na riƙe igiyar, wannan gaskiya ne. Har na yaba ƙahonta.

Ya ce, "Ka san abin da na saya. Ba tsarki da salla na zo nema ba, waɗannan ina yi tun ba a haife ka ba. Babin gado nake so. 'Ya'yana maza huɗu, mata uku, shanun kuwa kowa ya riga ya zaɓi nasa da ido. Ina so Bakoji, wanda ya yi karatu a cikinsu, ya karanta musu rabon a gabana tun ina numfashi. Modibbo ya ce gado yana can ƙarshen littafi, na ce zan jira. Ina jira, amma ka ga furfurata."

Na ce ya je wurin Abarshi. Ya ɗaure jakarsa a hankali, ya bar mini ƙwaryar nono kamar kullum. Da bai bari ba da na fi jin daɗi.

Juma'a, 3 ga wata, bayan masallaci

Mutum uku. Duk na tura su wurin Abarshi, duk ya turo su wurina.

Asabar, 4 ga wata, da walaha

Na je da kaina. Na tarar ya rataye Jan Gafaka a saman huhunan goro, inda laima take, littafin da Malam ba ya taɓawa sai da alwala. Karatun Abarshi bai wuce abin yin salla ba, ita ma a gaggauce, amma yanzu shi ne mai littafin da ya fi kowane daraja a garin nan. In aka yi baƙo sai ya nuna masa da haɓa.

Na ce masa mutum tara suna jira, kuma littafin da ake jira yana bisa kansa a rataye.

Ya ce, "Littafi na saya, Malam ƙarami, ban sayi alkawari ba. Ban ga karsana ba, ban lasa zuma ba. Wanda ya karɓa shi zai cika."

"Wanda ya karɓa yana daji, ka san abin da ya kai shi."

"Na sani, ai da kuɗina ya tafi. Ko akwai maganar mutum tara a takardar ciniki? Kai ka rubuta ta, ka fi ni sanin abin da ke ciki."

Ya miƙo mini jan goro guda yana murmushi, irin na wanda ya ga inda ka binne abu. Na roƙe shi ya ara mini littafin wata biyar kawai. Ya ce ba ya ba da aron abin da ya saya da tsada haka, niyyarsa a kwafa masa ya kai Zariya da Bida, inda malamai ke da kuɗi. Na ci goron a hanya. Ko zuciyar jefar da shi ban yi ba.

Lahadi, 5 ga wata, da safe

Kullum matata Saude takan ajiye mini koko ta ce, "Malam, yaya ƙafa?" Ba ta kallona in ta faɗa. 'Yar Malam Labaran ce, ita Ja'afaru ke bi, ita ta goya shi. Wata guda ke nan tana tambaya.

Ƙafar lafiya lau.

Talata, 7 ga wata, da azahar

Limamin Gwaska ya aiko a ce mini shi shida ma ya samu, ba bakwai ba. Na sani. Na bakwai ɗinsa yana wani wuri tsakanin nan da Gwaska ruwa na dukansa, in ba a hura wuta da shi ba.

Alhamis, 9 ga wata, da hantsi

Yau da Malam nake fushi, Allah ya yafe mini. Wa ya aike shi karɓar kayan mutane tun aiki bai samu ba? Ya ce takarda ta yi tsada, sai da abin hannu ake sayen ta a wurin fatake kafin su wuce. To an saya, ga ta can a ɗakin Abarshi. Shi ya yi alkawari da bakinsa, shi ake gaishewa da Modibbo, shi ake kawo wa zakara da Salla. Ni wuyana ne ke sagewa, ni tawada ta cinye wa yatsu, ni nake dafa bagaruwa in tace, in feƙe alƙaluma har wuƙa ta dakushe. Da ana rabon yabo ba a kira sunana ba. Yanzu da ake rabon zagi kowa ya tuna akwai Mu'azu.

Zumar dai na sha. Zanen saƙin ma yana jikin Saude. Karsanar ita ce aka fara sayarwa da saƙo ya zo daga daji.

Ban da ikon yin fushi da shi. Na rubuta ne kawai don in ga yadda zai yi kyau a takarda, bai yi ba.

Asabar, 11 ga wata, bayan la'asar

An raɗa mini suna a kasuwa: Malam Bakwai. Hajjo mai nono ce ta fara, da ƙwaryarta a ka, a gaban masu sayar da gishiri. Ta ce, "Sannu Malam Bakwai, yau ma ƙidayar ba ta ƙaru ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi, don wanda bai yi ba ya nuna ya ji zafi. Kafin in kai rumfar mahauta sunan ya riga ni.

Wannan ba komai ba ne. Abin da na ji a bayan rumfar majema shi ne ya tsaya mini. Wani na cewa Malam Labaran ya iya dabara, ya karɓi kayan mutum tara, ya sayar da littafi, ya fake da ɗansa ya gudu. Na ji da kunnena. Na wuce kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Litinin, 13 ga wata, da safe

Sammaci daga alƙali. Biyar daga cikin tara suka kai ƙararmu, ni da Abarshi. Bappa Hammadu ba ya cikinsu, ya ce zai zo ya saurara.

Laraba, 15 ga wata, bayan azahar

An yi shari'a.

Alƙali ya karanta takardar ciniki sau biyu, ya juya bayanta ko akwai ƙari. Ya tambayi wa ya wakilci Malam Labaran a cinikin. Na ce ni, don Malam a lokacin ba ya iya fita, baƙin ciki ya kwantar da shi. Ya ce ba a yi maganar waɗannan mutane ba? Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da ke takarda shi ne abin da aka ƙulla." Abarshi yana kallon rufin zaure kamar mai ƙirga azara.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Haƙƙi yana wuyan wanda ya karɓa. Mai saye ba ya ɗaukar nauyin da ba a ambata masa ba. Marubuci kuwa ɗan aiki ne, ba a bin sa komai. A jira Malam Labaran ya dawo, in yana da abin biya ya biya, in babu a yi haƙuri. Na ji numfashina ya sauka har ciki. Kunyar rubuta wannan nake ji, amma daɗi na ji.

Sai Bappa Hammadu ya nemi izini. Ya zaro takarda ɗaya daga jakarsa, ta ƙarshen kashi na bakwai, ya riƙe ta da hannu biyu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban san shari'a ba, shi ya sa na sayi littafin." Aka yi dariya. "Bakoji ya nuna mini wata kalma a gindin shafin nan, can ƙasa, ita kaɗai. Na ce me take yi nan ba 'yan'uwa? Ya ce ita ce kalmar farko ta shafin da ke zuwa, marubuta ke sa ta don in takardu sun watse a san mai bin wata. To, mu a wurinmu in ka ga kan saniya ya leƙo ta bayan kuka, ka san sauran jikin yana tafe. Wanda ya rubuta kalmar nan ya gaya mini akwai saura. Modibbo ba ya gani. Mai goro ba ya rubutu. Hannun wa ne?"

Alƙali ya ce wannan al'adar marubuta ce, ba hujja ba ce a shari'a.

Bappa ya ce, "Na ji. Tambaya ce kawai." Ya mayar da takardarsa, ya gaishe ni da kyau a bakin ƙofa, ya tambayi iyali.

Shekara goma sha huɗu ina rubuta kalmomin nan a gindin shafi, ban taɓa ɗaukarsu magana ba. Hannu ne ke yi, kai yana wani wuri. Yanzu akwai gida takwas da kalmar nan take zaune a ciki, ita kaɗai, da irin lanƙwasar da kowa ya san tawa ce. Makiyayi, wanda ko baƙi bai sani ba, shi ya karanta mini rubutuna.

Alhamis, 16 ga wata, da almuru

Shari'a ta wanke ni tas. Ban iya cin tuwo ba.

Asabar, 18 ga wata, da asuba bayan salla

Ni ke kai wa limamin Gwaska kashinsa duk wata, da ƙafa, in kwana in dawo. Ranar kasuwar farkon Rajab na ji masu zuma suna cewa an ga sawun baƙi a dajin hanyar, da wurin da suka hura wuta. Da na dawo gida sai ƙafata ta fara ciwo.

Ja'afaru ya ce, "Kawo in kai, yaya, dama ina son in gaida gwaggo a can." Ya rataya jakar yana yi mini tsiya, wai zama a tabarma ya mai da ni tsoho tun ban yi jika ba. Matarsa ta ba shi guzurin ƙuli-ƙuli.

Ban gaya masa maganar sawun ba.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Litinin, 20 ga wata, da walaha

Abarshi ya aiko in zo. Ashe ya gane littafi ba goro ba ne, ba ya haihuwa a rataye. Ya kira marubuta biyu, suka duba fassarar gefen shafi suka ce rubutun mahaifin Malam ya yi ƙanƙanta, wani wurin tawada ta koɗe, ba za su iya ba. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san inda tsohon yake haɗiye harafi.

Ya ce, "Ga abin da zan yi maka, don tausayi. Ka zauna a zaurena. Daga safe zuwa azahar ka kwafa mini na sayarwa. Daga azahar zuwa faɗuwar rana ka cika wa mutanenka tara, da takardata. In ka gama nasu, yini duka nawa ne. Shekara biyu."

Na ce lada fa?

"Dawa da za ku ci kai da iyalinka. Ladar ai ita ce takardar da littafin da na bar ka ka buɗe."

Na ce alƙali ya ce ba a bin ni komai.

"Haka ya ce. Ni ma ba a bin ni. Sai mu zauna dukanmu ba a bin mu komai, Malam Bakwai."

Shekara biyu. In zauna cikin warin ganyen goro ina yi wa jahili arziki, ya sayar da hannuna a Zariya ni kuwa a auna mini dawa kamar doki. Gonata ta zama saura. Na tashi ko sallama ban yi ba, ya bi ni da cewa a gaida gida.

Talata, 21 ga wata, bayan azahar

Na gaya wa Saude, ina jiran ta taya ni zagin Abarshi. Tana tankaɗe, ba ta daina ba. Da na gama sai ta ce, "Ina bayan zana ranar."

Na ce wace rana.

"Ranar da Baba ya ba ka littafin. Na ji ya ce ka sa a takarda cewa mai saye zai cika wa mutum tara, in bai yarda ba kada ka sayar. Ina nan kuma da ka dawo. Ya kai takardar har hancinsa bai ga komai ba, ya ce ka sa? Ka ce na sa."

Tun da ta faɗa, bari in rubuta. Na faɗa wa Abarshi sharaɗin, ya ce in wannan ya shiga in koma da littafina. Masu dajin sun ba da kwana goma. Babu wani a garin nan da ke da irin wannan kuɗi a hannu sai shi. Shaidun biyu barorinsa ne, ba su san abin da na zo da shi daga gida ba. Na tsoma alƙalami na tsallake layi ɗaya. Layi ɗaya, bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Na ce mata don Ja'afaru na yi.

Ta ce, "Ban ce don mugunta ka yi ba. Ƙanena ne, da ni ce da na yi abin da ya fi haka. Amma ana cin naman Baba a kasuwa, wai ya ci kayan mutane ya gudu, kai kuwa alƙali ya wanke ka ka dawo gida."

"To me kike so in yi?"

"Ai kai ne mai karatu, Malam."

Ta kwashe garinta. A bakin ɗaki ta tsaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙafar ma kwana uku ina shafa mata man kaɗanya, ban ji kumburi ba."

Na tsane ta na ɗan lokaci. Ina rubuta wannan don gaskiya ne.

Laraba, 22 ga wata, da hantsi

Ba koko yau. Ba tambaya ma.

Alhamis, 23 ga wata, bayan la'asar

Na yarda. Abarshi ya kira marubucin alƙali ya rubuta takardar, ya ce shi ba ya son marubuci mai mantuwa. An karanta ta a fili sau biyu, ba layin da aka tsallake.

Lahadi, 26 ga wata, da almuru

Na sauko da Jan Gafaka daga kan goro. Laima ta fara cin gefen takardu uku. Na shanya su a inuwa ina zagin mai gidan a zuci, yana zaune kusa da ni yana gaya wa wani baƙo daga Gayam cewa ga malaminsa.

Malaminsa.

Na fara da na Bappa Hammadu, kuma ba da na takwas na fara ba. Na tsallaka ƙarshe na ɗauko babin gado. Tsohon nan tari yake yi ranar shari'a, na ji shi. In na bi layi sai bayan babbar Salla zai ga abin da ya ba da karsana dominsa, ni kuwa ba zan iya ɗaukar wani a wuyana ba.

Laraba, 29 ga wata, da azahar

Na safe na Abarshi, na yamma nawa. Hannun ɗaya ne, amma na lura na yamma ya fi kyau.

Litinin, 5 ga Azumi, bayan la'asar

Na kai wa Bappa da kaina, ta bakin daji, da azumi a bakina. Abarshi ya ce yinin da na ɗauka zai ƙara shi a ƙarshen shekara biyun. Kowane motsin ganye sai gabana ya faɗi. Hanyar ba ta da wani tsawo, ashe.

Bakoji ya duba ya ce wannan ba shi ke bin na bakwai ba, kalmar ba ta haɗu ba. Na ce na sani, na ƙarshe ne. Bappa ya daɗe yana kallona. Sai ya sa aka tara 'ya'yansa duka, maza da mata, a gindin kirya, Bakoji ya karanta. Da aka zo rabon mata, babban ɗan ya tashi wai zai duba maruƙa. Bappa ya ce ya zauna, maruƙan ba nasa ba ne tukuna.

Da zan tafi ya raka ni har bakin rafi. Na ɗauka zai yi godiya. Ya ce, "Sauran huɗu, Malam Mu'azu." Na ce suna tafe.

Ban ji sauƙi ba. Na zaci zan ji.

Alhamis, 8 ga Azumi, da safe

Na takwas ya fita, na mutum huɗu. Sauran mutum biyar, da na bakwai na limamin Gwaska da zan sake. Hajjo ta ce yanzu sai a ce Malam Bakwai da Rabi.

Talata, 13 ga Azumi, da la'asar

Malam ya dawo. Wani mai fataucin kanwa ne ya riƙo shi a kan jakinsa.

Shi kaɗai.

An karɓi kuɗin, sannan aka ce masa an riga an wuce da wanda yake nema, ba a san ina ba. Ya bi ƙauyuka yana tambaya har guzuri ya ƙare. Idon da ya rage masa ma ya tafi. Matar Ja'afaru ta shiga ɗaki ta rufe. Saude ba ta yi kuka a gabansa ba, ta wanke masa ƙafafu, sannan ta ɗauki mayafi ta fita. Da ta dawo ta ce mini ta bi gidajen maƙwabta da na masu ƙara, ta roƙe su kada wanda ya gaya wa Baba an yi shari'a, ko abin da na sa hannu a kai. Ta ce abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Laraba, 14 ga Azumi, bayan azahar

Da safe ya kira ni. Na durƙusa ina jiran ya yi maganar Ja'afaru, ya tambayi abin da ya hana ni tafiya ranar. Na shirya zan faɗa. Wallahi na shirya.

Ya ce, "Mu'azu, mutanen nan tara. An ci gaba da kai musu?"

Na ce ana kaiwa, Malam.

"Wa ke rubutawa?"

Na ce ni, a zauren Abarshi, da takardarsa.

Sai hawaye daga idanun nan da ba sa gani. Ya ce duk tafiyar nan abu biyu ke hana shi barci, ɗansa da haƙƙin mutane. Ɗaya Allah bai nufa ba, ɗayan kuwa ga shi an sauke masa. Ya ce ashe ya zalunci Abarshi a zuciyarsa, ya ɗauke shi mai son kuɗi kawai. Ya ce in kama hannunsa in kai shi ya yi godiya.

Na kai shi. Ni na ja shi ta cikin kasuwa, mutane na buɗa mana hanya, ba wanda ya kira ni da sunan nan. Abarshi ya taso da sauri ya shimfiɗa buzu. Malam ya laluba ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka masa da ya cika sharaɗi alhali mai sharaɗin ba ya nan, irinsa sun yi ƙaranci. Ya yi masa addu'a mai tsawo, shi da zuriyarsa da fataucinsa.

Abarshi ya dube ni ta saman rawanin Malam. Na ga yana auna abin, kamar yadda yake auna goro a tafin hannu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, ai amana ce." Ya shafa addu'ar har gemu. Ni ma na shafa.

A hanyar dawowa Malam ya matse hannuna ya ce, "Ka ga amfanin rubuta abu, Mu'azu. Da ba ka sa layin nan ba, da yau ban da fuskar shiga garin nan. Kai kaɗai ka rage mini, kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba."

Na ce haka ne, Malam, ga kwata nan gabanka, ɗaga ƙafa.